Magulmacin Cikin Taya

Ni mai faci ne a Talata Mafara, kuma tun ina ƙarami aka san ni da yawan damuwa. In na ɗaure noti sai na koma na taɓa shi sau uku. Mutum irina bai dace da sata ba, amma na yi ta.

A-kori-kura na zamani suna zuwa da wata 'yar na'ura a cikin kowace taya, manne da bawul. Sansa ake ce mata, mu kuwa magulmaci muke kiranta, don da iska ta ragu sai ta kai tsegumi, wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban direba. In za a sa sababbin wili, aikinmu ne mu cire ta daga tsohon mu mayar a sabon.

Wata rana wani mai sayar da kayan mota ya ce mini ana neman sansa a kasuwa, kuma ba mai leƙa cikin taya. Na fara da guda ɗaya da na tsinta a wilin da aka yar. Daga nan na koma cirewa ina sa bawul na roba. Fitilar kuwa, da yake tana kamawa in an cire sansa, sai in liƙa mata ɗan ƙanƙanin baƙin salatif in mai mota ya tafi salla.

Wanda na fi cuta shi ne Alhaji Garba na Bakura, mai fataucin gyaɗa, aminin marigayi mahaifina. Duka huɗun na kwashe masa.

Tun daga ranar tuwo ya daina yi mini daɗi. Ina ta hango motarsa da lodi a hanyar Maradun, taya na zubar da iska, ba mai gaya masa. Sai na shiga hawa babur duk ranar kasuwar Maradun, in faki idon mutane in gwada tayoyinsa da geji, in dawo gida. Rannan 'yan kasuwa suka gan ni durƙushe gindin motar, suka damƙe ni, suka sami sansa biyu na wasu a aljihuna.

Alhaji ya zo ya ce, "Ɗana, mi kaka yi ƙarƙashin motata?"

Na faɗi komai, har abin da ba a tambaye ni ba. Ya juya ya tafi abinsa. Sauran masu motocin suka kai ƙara, alƙali ya yanke mini wata takwas. A gidan yari juyawar nan ta Alhaji ta fi sauro damuna, ga tunanin wa ke duba masa iska.

Washegarin fitowata na tafi Bakura. Muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ina ta jiran faɗa. Sai ya ja ni gaban motar ya tayar da ita. Ya ɓare salatif ɗin tuntuni, fitilar na nan a kunne. Ya ce direbansa ya yi ta roƙo a gyara, ya hana, da geji suke ta lallaɓawa.

"Wanda ya kunna ta shi ka kashe ta," in ji shi, yana dariya. "Ban taɓa ganin ɓarawon da ka bin mota yana duba lahiyarta ba."

Ashe ya sayi sababbin sansa ya ajiye. Na ɗaura su a gabansa, wani mai kwamfuta ya haɗa su da motar. Muka kama hanyar Talata Mafara, idona a kan fitilar. Ba mu yi nisa ba ta mutu. Alhaji ya ce, "To, na yahe." Na yi ta dariya, hawaye na zuba.

Sauran ma na bi su na nemi gafara. Yau a bakin tasha Magulmaci ake kirana, kuma ina amsawa da murna.

Ku matasa, kada wani ya ruɗe ku da cewa ba mai leƙa cikin taya. Allah yana gani, kuma akwai fitila a ƙirjin kowa. Na gwada, salatif ba ya rufe ta.