Akwatin da ke Ƙafar Shato

"Wai ya sake tsayawa?"

"Ya tsaya hwa. Jiya tun hantsi ko ɗigo bai zuba ba, ga shato cike har baki."

"Kuma hitilar tana kunne?"

"Koriya shar, kamar ba ita ba. Ni dai na ce a ciro shi a huta."

"Haba, ɗiyar Fatsima ta yi shi. Har Yamai ta yi karatu."

"To, albasa ta san Yamai?"

Zana ɗaya ce tsakanin masu maganar da Zulaiha. Tana zaune a rumfarta ta kasuwar Garhanga, salular wani a buɗe a gabanta, ƙaramin sukundireba a hannu. Ba ta leƙa ba. Ta jira har takun ya yi nisa, sannan ta mayar da murfin salular a juye, sai da ta sake kwance shi.

Zulaiha ita ce autar Ado mai gyaran rijiya da marigayiya Fatsima. Fatsima tana cikin matan da suka yi dakon duwatsu a ka, shekarun da aka jera su a kan tuddan Adar don tare ruwan sama. In suna tafiya a hanyar Keita takan nuna itatuwa da haɓa ta ce, "Duk iccen da kika gani nan, da wuyana ciki." Ita kuwa Zulaiha, tun tana ƴar shekara tara aka gane halinta: ba ta iya ganin aiki yana jiran aiki. In tukunya tana kan wuta, ba za ta tsaya kallonta ba, sai ta jawo turmi. In ta aika guga cikin rijiya, kafin ya cika ta wanke kwano biyu. Sau da yawa tuwo ya ƙone saboda wannan hali, amma ba ta bari ba.

Ta yi lakwal, wato firamare, a Garhanga, kwaleji a Keita, lise, wato babbar sakandare, a Tawa. Daga nan Yamai, inda ta koyi rubuta furogaram, wato umarnin da na'ura ke bi, har ta yi shekara uku tana wannan aiki a wani kamfani. Da Fatsima ta rasu ta zo zaman makoki da ƙaramar jaka, ta ce bayan sadakar arba'in za ta koma. Bana shekara huɗu. Ta kafa rumfa, tana gyaran salula da rediyo, tana ɗaura panno, faifan hasken rana, a kan rufin mutane. Tsofaffi suna ce mata Madam Kuran, wato mai wutar lantarki, ita kuma tana amsawa.

Lambun ƙungiyar mata yana cikin fadama, gabas da gari. Mata arba'in da biyu ne, shugabarsu Altine, ƙawar Fatsima tun ƙuruciya, mace mai murya kamar ta mai shela. Suna da foraji, rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, da shato, wato tankin ruwa, a kan ƙafafun ƙarfe huɗu, da tiyo zuwa kowane fegi. Ruwa ya samu, amma rabonsa ya zama faɗa. Kullum sai an zaunar da mace ɗaya gindin shato tana buɗewa tana rufewa, kuma kullum sai wata ta ce an rage mata.

Zulaiha ta ce a bar mata. Ta haɗa akwati ɗan ƙarami, ta ɗaure a ƙafar shato, da wani allo a ciki wanda bai fi tafin hannu ba. Ranar da ta kunna shi ta yi wa matan bayani. Ta ce a makaranta zaruruwa ake ce musu, amma su ɗauka ma'aikata uku ne a ciki, kowa da aikinsa, duk a lokaci guda. Na farko mai gadin shato, shi ke duba ruwa ya tayar da famfo ko ya kashe. Na biyu mai rabo, shi ke buɗe robine, wato mabuɗin ruwa, fegi bayan fegi. Na uku ɗan aike, shi ke tura wa Altine mesaji.

"Mi ya hana ɗaya ya yi duka?" Altine ta tambaya. "Ko su ma ragwaye na, kamar mazanmu?"

"Inna, kin san rezon salular garin nan. In ɗaya na, sa'ad da shike tsaye jiran mesaji ya tahi, shato ya cika ya zube. Shi ya sa na raba su."

Abu biyu ne kawai ma'aikatan suke tarayya a kai: ma'aunin ruwa da babban robine. Zulaiha ta san in biyu suka kai hannu tare za a yi ɓarna, don haka ta sa doka: wanda ya riƙe, sauran su jira sai ya saki. Wata biyu abin yana tafiya lafiya. Faɗa ya mutu. Altine har ta fara ƙorafin ba ta da wanda za ta yi wa tsawa.

Sai aka zuba irin albasa, akwati kuma ya fara tsayawa. Ba ƙonewa ba, ba mutuwa ba. Fitila koriya, batir cike, shato cike, amma ruwa ba ya fita, mesaji ma shiru. In Zulaiha ta kashe ta kunna, sai ya ci gaba kamar ba abin da ya faru. Ta zargi zafi, ta yi masa inuwa. Ta zargi batir, ta sauya. Ta tarar da ƙadangare a ciki, ta kore shi ta toshe ramin. Ta kwashe yini biyu zaune gabansa tana jiran ya tsaya a idonta, ya ƙi. Tsayawar jiya ita ce ta uku cikin sati biyar, kuma ita ta fi muni, domin ranar suna ce, duk mata suna cikin gari. Kafin a lura, kashi ɗaya cikin uku na irin ya kwanta ya yi fari. Saura kwana goma sha uku a yi dashe. In ya sake tsayawa, bana ba albasa.

Washegarin kasuwa Zulaiha ta sauka fadama da sassafe. Altine ta hana a kunna akwatin, ta sa an rufe babban robine, ta ce sai ƙungiya ta zauna da la'asar. Kafin nan za a ba iri ruwa daga tsohuwar rijiya, da hannu, yadda aka sani.

Mata sun yi layi da bokitai, amma ba a fara ja ba. Zulaiha ta matsa ta ga dalili. Mahaifinta Ado yana tsaye a bakin rijiyar, ta ɓangaren yamma, igiya naɗe a kafaɗa, domin a wurinsa take kwana. Ta gabas kuwa Halidu ne, mijin yayarta Biba, da guga a hannu, sabo, shi ya ɗinka shi da shambur, robar cikin taya. Kowanne an aika masa ya kawo abin da ke wurinsa, ba wanda ya san zai tarar da surukinsa.

"Baba, an tashi lahiya?" Halidu ya ce, a rusune, idonsa a kan takalminsa.

"Lahiya lau, Malam. Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Baba."

"Madalla."

Halidu ba zai iya buɗe baki ya ce wa uban matarsa miƙo igiya ba. Ba zai kuma miƙa gugan ba, don in ya miƙa, tsoho ne zai ja ruwa shi yana tsaye, abin kunya har gidan su Biba. Ado shi ma ba zai ce kawo guga ba, kada a ce ya aiki suruki gaban mata. Sai ya gyara igiyar a kafaɗa, ya dubi sama.

"Rana ta yi zahi bana."

"Ta yi, Baba."

"Ina mutanen gida?"

"Lahiya lau, Baba."

Zulaiha ta raɓa kusa da Halidu, murya ƙasa-ƙasa. "Mijin yaya, gugan wanga na ado na? In kawo maka madubi?"

"Ke Madam Kuran, akwatinki ya jawo muna wannan," ya ce ta gefen baki, bai ɗaga kai ba.

Suna cikin gaisuwa ta huɗu Altine ta iso. Ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta dubi bokitai arba'in a bushe.

"La ilaha! Ado, Halidu, gaisuwa za mu zuba ma albasa?" Ta fizge gugan daga hannun Halidu, ta rataye a reshen bagaruwa. Ta karɓe igiyar daga kafaɗar Ado, ta jefa ƙasa. "Ku ji ni, kowa da kowa. Daga yau igiya aka hwara ɗauka. Wanda bai riƙe igiya ba, kada ya taɓa mini guga. Halidu, ga igiya nan ƙasa, ba ta hannun kowa."

Halidu ya ɗauka da sauri kamar wanda aka kwance, ya ciro guga ya ɗaura. Ado ya koma inuwa da mutuncinsa. Mata suka kwashe da dariya.

Zulaiha ba ta yi dariyar ba. Ta tsaya baki buɗe tana kallon reshen da aka rataye gugan, sannan ta ajiye bokitinta a tsakiyar layi ta nufi gari da gudu-gudu.

A rumfa ta buɗe ordinatarta, wato kwamfuta, ta nemo layukan da ta rubuta wata huɗu da suka wuce. Ga shi nan, da hannunta. Mai gadin shato, in ruwa ya cika, yakan riƙe ma'auni tukuna sannan ya nemi robine. Mai rabo kuwa, in zai sauya fegi, yakan riƙe robine tukuna sannan ya nemi ma'auni. Kowanne daidai yake in shi kaɗai ne. Amma ranar da cikar shato ta faɗo daidai ƙiftawar da ake sauya fegi, wannan yana riƙe da ma'auni, wancan yana riƙe da robine, kowa yana bin dokar da ta sa masa, yana jira cikin ladabi har abada. Ɗan aike shi ma sai ya duba ma'auni kafin ya yi magana, don haka ya shiga layi ya yi shiru. Kafin a zuba iri sau biyu ake sauya fegi a yini. Yanzu sau talatin ne, shi ya sa karon ya fara samuwa.

An koya mata wannan a Yamai. Ta ci jarrabawa a kansa. Ta dafe goshi ta ce, "Kai, Zulaiha."

Gyaran bai kai layi goma ba. Kowa ya fara da ma'auni, sannan robine, ba wanda aka ɗauke wa. Ta ƙara cewa duk wanda ya jira ya wuce daƙiƙa biyar, ya saki abin da ke hannunsa, ya ja baya, ya sake gwadawa. Ɗan aike kuwa ta cire shi daga layin gaba ɗaya, ta ce in ya ji shiru ya yi yawa, shirun ma labari ne, ya kai wa Altine. Sannan ta sa ordinata ta riƙa gwara ma'aikatan da gangan, ba hutawa. Tsohon rubutun ya daskare kafin ta gama shan ruwa. Sabon ya yi ta tafiya har aka kira azahar, har aka kira la'asar.

Ta tarar da ƙungiya a gindin shato. An riga an kawo kwaɗo da sarƙa na kulle akwatin, an kuma tsara wadda za ta fara zaman gadi gobe. Ta durƙusa gaban Altine ta faɗi abin da ta gano, ba ta ɓoye cewa kuskurenta ne ba. Da ta zo kan Ado da Halidu, har masu fushi sai da suka murmusa.

"Ashe surukai kika zuba muna cikin akwati," Altine ta ce. "To yanzu kin rantse ba shi ƙara tsayawa?"

"Ba ni rantsewa, Inna. Wannan ciwon na san shi, na kashe shi. Ko akwai wani, ban sani ba. Irin wannan abu ba a gane shi da gwaji ɗaya, sai an bar shi ya yi aiki."

"Da irinmu za ki gwada?" wata ta ce daga baya. Zulaiha ta gane muryar, ta bayan zana ce.

"Na ruhe rumhwa har a yi dashe. Nan zan yini kullum, tun hitowar rana. In ya tsaya, ni ka buɗewa da hannu kahin ƙasa ta bushe, ku kuma ku ciro shi, ba ni cewa komi."

Altine ta juya kwaɗon a hannunta, ta dubi irin da ya rage, kore siriri kamar gashin jariri, ta dubi wanda ya ƙone. Ta daɗe tana kallon fuskar yarinyar, har Zulaiha ta sunkuyar da kai, don ta san Fatsima ake gani a fuskar. Sannan Zulaiha ta miƙa hannu biyu.

"Inna Altine, don Allah ki aje kwaɗon nan cikin zanenki kwana goma sha biyu. Ki bar ni in kunna shi."