Ɗalhatu Ɗan Goyo

Ɗalhatu mutumin Alkaleri direba ne a wani gida a unguwar Al Gharrafa ta Doha, amma mu 'yan gadi Ɗan Goyo muke ce masa. Ƙato ne, bayansa kamar ƙyauren shago.

Tun 2003 da ya zo Doha, duk lokacin sanyi kafil ɗinsa, wato Balaraben da ya ɗauko shi aiki, kan kai nasa tsohon uban zuwa wani garin ruwan zafi a Jodan saboda ciwon ƙafa. Otal ɗin a jikin dutse yake maƙale. Daga ɗaki zuwa idon ruwan matakala tamanin da huɗu ce, keken guragu ba ya bi. Ɗalhatu ke goya tsohon, sauka da hawa, safe da yamma. In wani ya miƙo hannu sai tsohon ya ce, "Khalas, a bari, Ɗalhatu kawai."

Gaskiya abin ya shiga kansa. Ya ishe mu da labarin farin tawul da tururi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Sau uku hutunsa na faɗowa daidai da tafiyar, sau uku yana fasa zuwa gida, alhali nasa mahaifin, Malam Rufa'i, ciwon gwiwa ya zaunar da shi a zaure. Na yi masa magana har na gaji.

Sai a 2006 ya je gida. Tsarabarsa jarkar ruwan zafin nan na Jodan, da hoto: shi a tsakiyar matakala yana washe baki, tsohon Balarabe a bayansa. Da ya dawo ya ba ni labari, idonsa a ƙasa.

Malam Rufa'i bai ko kalli jarkar ba. Hoton ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Ashe ka iya goyo. Ruwan ɗumi ai ga shi nan a Wikki, ɗan nan, tafiyar awa guda. Wanda zai saukar da ni ne babu."

Nan take Ɗalhatu ya durƙusa. "Baba, hau mu gwada. Gobe mu tafi."

Malam ya ɗora hannuwa a kafaɗarsa, suka zame. Ya sake, suka zame. Ƙarfin riƙe wuya ya riga ya ƙare. Da damina ya rasu.

Har yanzu Ɗalhatu na zuwa otal ɗin duk sanyi, yana goyon uban wani. Mu dai mun daina kiransa da sunan nan.