Yaya Sabo Da Hitar Baƙi

Shekara shida ke nan da maza suka fita da Yaya Sabo daga gidansa na unguwar Moss Side a Manchester zuwa makwancinsa. Mu mata muna falo muna karɓar gaisuwa. Falon da ɗumi ranar, don matarsa, Anti Binta, duk da halin da take ciki, ba ta manta ta kunna wa masu ta'aziyya hita ba. Haka ya koya mata. Haka ya koya mana duka.

Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya ba ni shekara goma sha huɗu. Karatu ya kawo shi Manchester, karatun bai ƙarasu ba, sai ya kama aikin tura marasa lafiya a keke a wani asibiti da ke Oxford Road. A nan ya tsufa har ya yi ritaya da ɗan fansho. Ni kuwa aure ne ya kawo ni Birmingham. Ina zaune a Aston, ina aikin girki a wata makarantar firamare. Ban yi zurfi a boko ba, don haka mai karatu ya yi haƙuri da ni.

Da yawa daga likitoci da injiniyoyinmu na yau, Yaya ne ya tarbo su a tashar jirgi suna ɗalibai, da akwati ɗaya da rigar da ba ta tare iska. Kowace Lahadi akwai tuwo da miyar kuka a gidansa. Tun kafin baƙi su iso yake jawo wata tsohuwar hitar lantarki ya kunna a falo, ya rufe ƙofofi. Duk wanda ya shigo sai ya cire kwat ya miƙe ƙafa. Babu baƙon da ya taɓa hawa sama. A saman nan, in ka yi magana kana ganin numfashinka. Boilar da ke ɗumama gidan ta gaji, bangon ɗakinsu ya yi baƙi da danshi, Anti Binta na gogewa yana dawowa. Yaya da hula da safa biyu yake kwana.

In na kira shi na ce, "Yaya, ya sanyi?" sai ya ce, "Lokacinsa ne, Ladi." Ni ma sai in wuce zuwa wata gaisuwar.

Wata rana takarda ta zo daga council, wato hukumar gari. An ce gidaje masu ƙaramin ƙarfi za su iya samun taimakon gwamnati: a shimfiɗa musu abin riƙe ɗumi a ƙarƙashin rufi, a toshe inda iska ke shiga, in ta kama a sauya boila. Yaya ya cusa takardar cikin aljihun tebur. Anti Binta ta faki idonsa ta kira lambar, aka sa ranar da za a zo duba gida. Ranar ta faɗo cikin hutun makaranta, ina gidan.

Da ya ji, bai yi faɗa ba. Cewa ya yi tunda baƙuwa za ta zo, a tarbe ta. Tun da safe ya kunna hita, ya sa turaren wuta, ya saka babbar rigarsa ta Juma'a. Ni aka sa suyar ƙosai. Matar ta zo, wata Baturiya mai ɗan shekaru, da takardu a hannu. Ba ta yi minti biyar a zaune ba ta cire kwat ɗinta. Na ga Yaya ya dube ni da murmushi, irin na mai gidan da ya fita kunyar baƙo.

Ta tambaye shi ko gidan na sanyi. Ya ce, "Alhamdulillahi, ga shi kina gani." Ta tambaya ko akwai mai ciwon ƙirji. Ya haɗiye tarin da ya kwana biyu yana damunsa, ya ce ɗan mura ne. Ta nemi ganin takardun fansho, ya yi dariya ya ce muna cikin rufin asiri. Ta ce za ta leƙa sama, ya ce ba a kintsa ɗakunan ba, kada ta wahalar da kanta. Sannan ya ce mata akwai wata tsohuwa 'yar Jamaika a gida na gaba, ita kaɗai take zaune, ita ya kamata a duba.

Matar ba sakarya ba ce. Ta juyo gare ni, ina tsaye da butar shayi, ta ce, "Haka ne? Komai lafiya?"

Na san bangon nan. Na kwana a ɗakin da ke kusa da shi da rigar sanyi a jikina. Amma ƙanwa ba ta ƙaryata wanta a gaban baƙo. Na ce, "E, haka ne."

Bayan ta tafi Anti Binta ta ce, "Malam, don Allah me ya sa?"

Ya ce, "Binta, mace ta taka gidana karon farko, sai in tarbe ta da koke? Gobe a ji a masallaci an ce gwamnati ke ɗumama Sabo?"

Na ce, "Yaya, ai ba sadaka ba ce. Shekara nawa ana cire maka haraji?"

Ya ce, "Ladi, kashe hitar nan. Baƙuwa ta tafi."

Tsohuwar maƙwabciyar an yi mata aikin kafin ƙarshen shekara, har ta kawo masa kek tana godiya. Shi kuwa tarin bai sake shi ba. Da sanyi ya yi tsanani ciwon ya sauka a huhu. Aka kai shi asibitin da ya yi wa aiki, waɗanda ya koya wa tura keke su suka tura shi. Kwana tara ya yi.

Ban ce sanyi ne ya kashe Yaya ba. Ajali ne, kuma in ya zo babu hitar da ke tare shi. Amma likitan da ya duba shi ya tambaye mu yanayin ɗakin da yake kwana, muka dubi juna ni da Anti Binta. A wajen gaisuwa wani babban likitanmu ya riƙa share hawaye yana cewa shekara goma yana cin tuwo a falon nan bai sani ba. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Fuskar Yaya ba ta taɓa ba da labarin komai ba sai maraba. Ya yarda cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ya kuwa riƙe nasa har ƙarshe.

Anti Binta a cikin sanyin nan ta yi takaba. Da ta fita, ta sake kiran lambar. Na hau mota daga Birmingham na je. Ba mu kunna komai ba, ba mu soya komai ba. Ni na shiga gaban mai dubawa muka hau sama, na janye labule, na nuna masa bango, na miƙa masa takardun da Yaya ya ɓoye. Ji na yi kamar ina tuɓe wa wana riga a kasuwa. Ban taɓa hawa matakala mai wuya kamar wannan ba. An yi aikin kafin wani sanyin ya zagayo. Wata safiya Anti Binta ta kira ni tana kuka, ta ce, "Ladi, yau na yi alwala hannuna bai ƙage ba."

Nakan tambayi kaina me zai ce da yana raye yau. Kuɗin gas da wuta sun hau inda bai taɓa gani ba, har masu manyan albashi na ƙorafi a fili. Matasanmu na tura wa juna labarin taimakon nan a waya ba tare da wata kunya ba. Ina jin da ya zauna ya cika wa kowa form, ya raka tsofaffi wajen GP, likitan unguwa, su karɓo shaidar rashin lafiya, ya bi layinsu gida gida. Nasa gidan kuma, na san shi, da ya ce lokacinsa ne.

Yanzu a Aston in za a zo duba gidan wani dattijonmu, nakan nemi izini a wajen aiki in je in zauna. Kwanan baya na tarar da wani Baba ya riga ya kunna hita, an jera kofuna. Na ce, "Baba, a kashe." Ya ce, "Haba 'yar nan, baƙo ne fa." Na durƙusa na ba shi labarin Yaya tun daga ƙosai har kwana tara. Sannan ya miƙa hannu ya kashe da kansa.

Ba na zargin Yaya. Halin da ya hana shi buɗe baki, shi ne ya ciyar da ɗalibai ba adadi bai taɓa yi wa ɗaya gori ba. Ba na iya raba su, kuma na daina ƙoƙari. Tuwon Lahadi bai mutu ba, Anti Binta na yi, yanzu ƙofofin a buɗe suke har sama. Tsohuwar hitar tana ƙarƙashin matakala, ta ƙi a yar. Abin da ban gama yafe wa kaina ba shi ne kalma ɗaya da na faɗa da butar shayi a hannu. An ce da na sani ƙeya ce, tawa kuwa shekara shida tana biye da ni.

Allah ya jiƙan Yaya Sabo, ya karɓi baƙuncinsa fiye da yadda ya karɓi na mutane. Ni dai abin da ya bar mini ke nan: in na gaishe da babba na ce ya sanyi, ya ce lokacinsa ne, ba na wucewa. Sai na ce, "Baba, ɗakin da kake kwana fa?"