Tukunyar da Na Ƙi Sa wa Hannu

A duk shekarun da na yi ina aikin tantance inganci, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wata Juma'a a watan Fabrairun 2018, da na tsaya a ƙofar wata maƙera a arewacin Scotland, tocila a hannuna, manajana yana ta yi mini faɗa ta waya daga Dubai. Ku da kuka shigo kamfanin nan bayana kuna wuce tukunyar nan ta jan ƙarfe a sitonmu na Al Warsan kullum. To ga yadda aka yi ta zo.

A lokacin shekarata biyu da fara aiki, ina ƙaramar jami'ar inganci. Ruwan wardin da muke sayarwa a shagonmu na Al Ras sarowa muke yi mu ɗura a kwalba, sai kamfani ya yanke shawarar mu fara haɗa namu. Ga wanda bai san sana'ar ba, ana zuba furen wardi da ruwa a tukunya a hura wuta, tururi ya tashi ya bi ta wani dogon wuya mai lanƙwasa, ya huce a bututu, ya ɗigo ruwa mai ƙamshi. An fi son tukunyar ta zama ta jan ƙarfe. Waɗanda suka fi ƙwarewa a ƙera irinta kuwa, cikin waɗanda muka tuntuɓa, suna wani ɗan ƙaramin gari ne da duniya ba ta san shi da komai ba sai giyar wuski, domin da irin wannan tukunyar ake yin ta.

Shi ya sa aka rubuta sharaɗi ɗaya a yarjejeniyarmu ɓaro-ɓaro: kowane sashe na tukunyar ya kasance sabon ƙarfe, wanda bai taɓa aiki a ko'ina ba. Ruwan wardi a abinci ake sa shi. 'Yan kasuwarmu na Kano da ke ɗaukarsa kwali-kwali su kai gida, tambayar farko da suke yi ke nan.

Ustaz Marwan, manajan sashenmu, mutumin Sham ne mai saurin magana. Ya kira ni ofis ya ce, "Bilkisu, bizarki ta fito. Ke da Joseph za ku tafi ranar Alhamis, ku duba Juma'a, ku dawo Asabar da yamma. Ranar Lahadi ina son ganinku a kan aiki. Litinin mota za ta ɗauki tukunyar zuwa tashar jirgin ruwa. Sa hannu kawai za ki yi, shwaiya ne aikin, ɗan kaɗan."

A wancan lokacin Juma'a da Asabar ne hutun mako a nan, wato hutunmu aka ci. Joseph bai damu ba. Injiniyanmu ne, ɗan Kerala, Kirista, mutumin kirki ƙwarai. Tun a jirgi yake nuna mini takardar yawon buɗe ido da ya saya ta safiyar Asabar, za a zagaya da shi matatar wuski guda biyu har a ba shi ya ɗanɗana. Ya ce, "Madam Bilkisu, shekara goma ina mafarkin garin nan." Na ce masa ni da za a bar ni a ɗaki da na'urar ɗumi, da ya ishe ni.

Daga Glasgow muka yi tafiyar kusan awa huɗu a mota. Garin titi ɗaya ne babba, da gidajen dutse, da kogi a gefe. Kowane lungu ka leƙa sai dogayen sito cike da ganguna, bangonsu ya yi baƙi kamar an shafa gawayi. Iskar garin kuwa wani wari take yi irin na dusa da aka jiƙa ta kwana. Matar da muka sauka a gidanta, da ta ga mayafina, ba ta tambaye ni komai ba, ta soya mini kifi da dankali, ta nuna mini inda rana take fitowa.

Da safiyar Juma'a muka isa maƙerar. Wata mata mai suna Moira ce ta tarbe mu, ita ke riƙe da wurin tun da mahaifinta ya ajiye aiki. Tukunyar tana tsaye a tsakiyar wurin tana ƙyalli, ta fi ni tsawo.

Dubawa hawa uku ce. Da farko a auna kaurin ƙarfen wuri-wuri da wata 'yar na'ura da ake mannawa a jikinsa. Sannan a cika da ruwa a matsa, a ga ko akwai inda yake yoyo. Na ƙarshe a kwance sassan a leƙa ciki da ido. Gangar jikin ba ta da matsala. Da na zo kan wuyan, daidai inda ya lanƙwasa, sai na'urar ta nuna mini ƙarfen ya fi sauran siranta. Na goge wurin na sake aunawa, haka dai. Na ce a kwance mini wuyan.

Moira ta ce, "Sai mun kwance? An riga an ɗaure shi don tafiya."

Na ce, "Sai an kwance."

Da na haska tocila a ciki, sai na ga bambancin. Sabon jan ƙarfe cikinsa jaja-jaja yake, sumul. Wannan guntun, mai tsawon kamu guda, an wanke shi tas, amma akwai ƙananan ramuka a jikinsa irin waɗanda tururi ke ci a ƙarfe bayan shekaru. Na miƙa wa Joseph tocilar. Ya leƙa, ya ɗago, ya miƙo mini ita.

Moira ba ta yi ƙarya ba, wannan kam na shaide ta. Ta ce ƙarfen da suka yi oda ya makara, lokaci ya ƙure, sai suka yanko guntun daga wuyan wata tsohuwar tukunya da aka ciro daga wata matatar wuski da ke bayan gari. Ta ce, "Mun wanke shi da sinadari, mun turara shi. Ke masaniyar sinadarai ce, kin san babu ɗigon komai a jikinsa."

Gaskiya ta faɗa, na sani. Amma takardar da ke hannuna ba cewa ta yi ƙarfe mai tsabta ba, cewa ta yi sabo. Na tambaye ta yaushe za su iya canza shi. Ta ce ma'aikata suna tashi ƙarfe uku ranar Juma'a, kuma akwai ayyuka a gabanmu, sai nan da mako uku.

Na fita waje na kira Ustaz Marwan. Ya fito daga masallaci ke nan. Da ya gama ji sai ya ce, "Guntu ɗaya? An wanke? Khalas, shi ke nan, ki sa hannu."

Na ce, "Ustaz, takardar ta ce sabo ne."

"Kin san abin da mako uku yake nufi? Jirgin ruwa ya wuce. Furen da muka yi magana da manoma a Oman a watan Afrilu yake fitowa, ba ya jiran kowa. In tukunyar ba ta zo ba, shekara guda ta tafi. Wa zai leƙa cikin wuyan tukunya in ba ke ba?"

"In an yarda a rubuta cewa akwai tsohon guntu, yanzu zan sa hannu."

"Ba za a rubuta ba! Bilkisu, kwantiraginki a watan Yuni zai ƙare. Ki yi tunani."

Ya kashe wayar. Kun san abin da wannan maganar take nufi a ƙasar nan, inda zamanka yake rataye da aikinka. Na tsaya a cikin yayyafi, hannuwana sun ƙandare, ina tuna mahaifiyata a Gwammaja da yadda take gaya wa maƙwabta 'yarta tana aiki a Dubai. Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Amma na san ko da wane irin alƙalami aka ba ni, ba zan rubuta sunana a ƙarƙashin kalmar nan ba. Abin da ya rage shi ne in nemo yadda kalmar za ta zama gaskiya kafin gobe da rana.

Na koma ciki na tambayi Moira ko akwai sabon ƙarfe a wurin yanzu. Ta ce falle ɗaya ya iso shekaranjiya. Na ce wa zai iya lanƙwasa shi a yini ɗaya? Ta yi 'yar dariya ta ce, "Babana kaɗai, shi kuwa shekara uku rabonsa da guduma. Ba ya ma son a yi masa maganar wurin nan."

Na ce ta kwatanta mini gidansa.

Mista Angus yana can ƙarshen gari, bayan gada. Na same shi a bayan gida yana faskare, dattijo ne gajere mai faɗin kafaɗa, kunnensa ɗaya ba ya ji saboda ƙarar guduma. Bai ce in shiga ba. A tsaye na yi masa bayani, ina ɗaga murya.

Ya ce, "Tsohon ƙarfe ya fi sabo daɗin aiki. Duk mai sana'ar nan ya sani."

Na ce, "Wataƙila. Amma ba shi muka saya ba."

"Addininki ne ya hana?"

"Addini ne ya sa masu sayen kayanmu suke tambaya. Ni kuma aikina in ba su amsar da take gaskiya. An buga sunan gidanku a jikin tukunyar, ni za a sa nawa a takarda. Duka biyun za su ce sabuwa ce."

Ya ajiye gatarin ya dube ni. "Moira ta san an rubuta haka?"

Na ce ta sani. Sannan ya ce, "Hannuna na hagu ya mutu rabi. Ina bukatar mai riƙe mini, mai ƙarfi, wanda ya san wuta. Ƙarfe bakwai na safe. In ba ki samo shi ba, kada ki zo."

Ma'aikatan duk sun watse. Da na koma masauki na tarar da Joseph yana goge takalmin da zai sa gobe. Na zauna na gaya masa yadda muka yi, ban roƙe shi ba, domin na san abin da safiyar nan take a wurinsa. Ya zaro takardar yawonsa ya dube ta, ya mayar aljihu. Ya ce, "Ni ma na leƙa na gani, Madam. Yalla, mu je, bakwai ɗin."

Asabar gari bai gama wayewa ba muka fara. Moira ce ta buɗe mana, ta sa rigar aiki ta kunna wa mahaifinta wuta. Aka yanka ƙarfen, a gasa shi ya yi laushi, Joseph ya danne a kan gungumen icce, tsohon ya yi ta bugu yana juyawa. In ƙarfen ya taurare a sake gasawa. Ni kuwa ina biye da na'urata, duk bayan 'yan mintuna in auna in faɗi lamba da ƙarfi a kunnensa mai ji. Sau biyu ya tsaya ya jingina da bango yana haki. Na ce ya huta, ya harare ni.

Wajen ƙarfe ɗaya aka yi walda aka ɗaura wuyan. Muka cika ruwa muka matsa. Ba a yi minti biyar ba sai ga wani ɗigo yana tsattsafowa a ƙasan haɗin. Moira ta ce wannan da an hura wuta zai toshe da kansa. Na dubi agogo: in ba mu bar garin ƙarfe uku ba, jirginmu na komawa ya tafi. Mista Angus ya sa yatsa ya taɓa ɗigon, ya ce wa 'yarsa, "Zubar da ruwan."

Aka zubar, aka busar, ya sake waldar da kansa. Karo na biyu muka jira rabin awa cur kamar yadda ƙa'ida ta ce, ina zagayawa da farin ƙyalle ina shafa kowane haɗi. Ƙyallen ya fito a bushe. Uku saura kwata na sa hannu. Joseph kuwa da hannu mai bororo ya ja motar har Glasgow, bai ga cikin matata ko ɗaya ba.

Ranar Lahadi daga filin jirgi muka wuce ofis. Na ajiye wa Ustaz Marwan takardar da hotunan tsohon guntun da sabon. Ya duba, ya ce, "Tamam," wato ya yi, ya ci gaba da wayarsa. Bai gode mini ba, bai kuma sake tayar da maganar watan Yuni ba. Tukunyar ta iso ana saura kwana shida furen farko ya sauka. Bayan wata biyu sai ga sanarwa an liƙa cewa daga yanzu duk kayan da ake ƙera mana a waje, jami'in inganci zai je ya duba ana tsakiyar aiki, ba sai an gama ba. Ƙa'idar da kuke bi ke nan yau.

Abin da na ɗauka daga tafiyar nan shi ne, a aikinmu cewa a'a rabin aiki ne kawai. Da na ƙi sa hannu na hau jirgi na dawo, da na fita da gaskiyata, kamfani kuma ya rasa shekara. In kun ƙi, ku tsaya a wurin ku nemo yadda za a gyara, ku tambayi wanda ba a ce ku tambaya ba. Kuma kada ku yanke wa mutum hukunci da garinsu ko da abin da yake sha. Ranar da manajana, wanda muke fuskantar alƙibla ɗaya da shi, ya ce in rufe ido, mutum biyu ne suka tsaya mini: tsohon da ya ƙare rayuwarsa yana ƙera tukwanen giya, da abokin aikin da ya yi tafiyar awa takwas a jirgi don ya ɗanɗana ta.