Jinjina ga Inna Nawa-Yau

Kullum da safe, kafin a raba magani, takan ja kujerarta ta roba zuwa bakin kowane gado a sashen masu jinyar shan giya, ta yi tambaya guda: "Daga ɗaya zuwa goma, nawa ne shirinka na barin kwalba yau?" Shi ya sa majinyata suka laƙaba mata Inna Nawa-Yau. Ma'aikaciyar jinya ce, kuma ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Na san ta ne a dalilin yayana, direban babbar mota, wanda giya ta raba da sitiyari, take kuma neman raba shi da iyalinsa. Matarsa ta riga ta ce daga wannan kwanciyar asibiti haƙurinta ya ƙare. Yaya kuwa akwai daɗin baki. Da aka tambaye shi sai ya ce, "Goma cif, Inna." Muka hau murna, har na fara haɗa masa kaya.

Inna ta ja ni baranda ta ce, "Ƙanwata, ajiye jakar nan. Wannan goman ta son komawa gida ce." Ranar na ji haushinta ba kaɗan ba.

Ba ta ƙaryata shi ba, ba ta yi masa wa'azi ba. Ta ci gaba da jan kujerarta, shi kuma yana ta zuba goma, har safiyar da ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiya, uku."

Ta ce, "Madalla. To me ya hana ka ce ɗaya?"

Ya ce, "'Yata. In ta ji takuna, bayan ƙofa take ɓuya."

Daga wannan ukun aka fara jinya ta gaskiya.

Inna, ke ce mai haƙurin dafa dutse. Ke ce ba kya raina ukun mutum in dai daga zuciyarsa ta fito. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai albarka. Masu tasowa a wannan aiki, ku koyi jan kujera, ku tambaya, ku jira amsa.

Yaya ya koma tuƙi, kuma bai sake cewa goma ba. Da Inna ta tambaye shi kwanan baya, takwas ya ce. Amma yanzu in 'yarsa ta ji takunsa, ita ke rugawa ta buɗe masa ƙofa.