Waya Mai Sulke

A shagonsa na kasuwar kwamfuta da ke Ikeja, Baba Adigun na kallon wata mata riƙe da wayoyin jona kwamfuta da intanet guda biyu, ɗaya mai sulken ƙarfe da ke tare hargitsin lantarki, ɗaya marar sulke. Idanunta jajur, takalminta duk laka. Tana shafa mai sulke, tana ajiyewa, tana sake ɗauka. Da alama daga gida take aiki, hargitsin lantarkin janaretan maƙwabci kuma na yayyanke mata magana da oganta ta intanet.

"'Yata, sulken nan ba ya amfani sai a gidan da aka binne wa wayar kariya a ƙasa," in ji shi. "Naku akwai?"

Ta yi murmushin gajiya. "Baba, mai gidanmu ko rufin da ke yoyo bai taɓa ba."

Ta ture mai sulken a hankali, kamar abincin da likita ya hana ta.