Kujerar Inna Tela

Inna Tela ba ta san zama ba sai a kan keken ɗinki. Ko abinci take ci, ƙafarta na taka iska. Kujerar da mijinta ya sa kafinta ya yi mata, yadi ta jibga a kai.

"Zo ki miƙe bayanki," yakan ce.

"Bari in ƙarasa rigar nan, Malam. Hutu ai sai kabari."

Shi ya riga ta zuwa can.

Da ciwon baya ya raba ta da keke, ta kwashe yadin ta zauna. Kujerar ta yi mata cif-cif. Tela ce, ta san abin da aka auna. Ta danne gwiwarta don kunya, amma ƙafar ta ƙi tsayawa.